Idan Leɓe Ya Koma Toka-toka: Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙarancin Oksijin a Jini

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauka a Katsina da Daura, tari da sarƙewar numfashi sukan yi yawa a gidaje, tambayoyin iyaye da masu jinya su ma su yawaita. Waɗanda aka fi maimaitawa ne aka tattaro a nan. Wasu amsoshin sun ɗan yi tsawo, saboda yawancin abin da aka rubuta kan wannan alama ta canjin launi saboda ƙarancin oksijin da farar fata aka kwatanta shi, mu kuwa a jikinmu za mu neme ta.

Ana cewa wanda oksijin ta yi ƙaranci a jininsa yakan koma shuɗi. Ni ban taɓa ganin shuɗin mutum ba. Yaya abin yake a baƙar fata?

Da wuya ka gani, kuma kada ka jira sai ka gani. Jinin da ya ɗauko oksijin daga huhu ja ne jawur. Idan bai samu isasshiya ba sai ya yi duhu. A jikin Bature duhun yana ratso fata ya fito shuɗi-shuɗi. A jikinmu launin fata yana danne shi, abin da ido ke kamawa kawai shi ne mutum ya dushe, ya yi toka-toka kamar wanda ƙurar hunturu ta bi ta kansa, musamman kewayen baki da gefen hanci. Mai hasken fata kuma leɓensa kan yi wani duhu mai ratsin shunayya.

Uwa takan riga kowa lura. Za ka ji ta ce, "Yaron nan kalarsa ta canza," alhali baƙo ya dube shi bai ga komai ba. Ma'aikacin lafiya mai hankali ba ya watsar da wannan magana.

To, a ina za a duba?

A wuraren da baƙin fata bai kai ba. Ki fito da yaron bakin ƙofa ko tsakar gida inda hasken rana yake, ki ɗora shi a cinya, ki sa babban yatsa ki ja leɓensa na ƙasa. Cikin leɓe mai lafiya ja-ja ne, da danshi da sheƙi. Sai ki ce ya fito da harshe. Idan jariri ne, lokacin da ya wage baki yana kuka ko hamma ya ishe ki. Harshe ya fi ko'ina faɗin gaskiya, domin kullum cikin ɗumi yake, jini na gudana a cikinsa sosai, sanyin gari ba ya canza shi. Idan harshe ya koma ruwan toka ko shunayya, to jinin da zuciya ke turawa ne gaba ɗaya ba shi da isasshiyar oksijin. Wannan maganar asibiti ce nan take, ko da tsakar dare ne. Jijiyoyi biyu masu duhu da ke ƙarƙashin harshe kada su tsorata ki, kowa yana da su. Naman da ke kewaye da su ake dubawa.

Bayan baki sai cikin fatar ido ta ƙasa, da farce, da tafin hannu da na ƙafa. Da dare fitilar waya da irin ƙwan nan masu farin haske suna rikita launi. Idan kina shakka, ki kira yayansa ko ƙaninsa mai lafiya, ki buɗe bakinsu a haske ɗaya ki gwada.

Sai oksijin ta sauka zuwa nawa kafin launi ya canza?

A jinin mai lafiya awon oksijin yakan tsaya tsakanin 95 zuwa 100 cikin ɗari. Canjin launi ba ya fitowa sarai sai ya sauka wajen 85 ko ƙasa da haka. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce a sa wa yaro oksijin da zarar awonsa ya yi ƙasa da 90. Ka ga ke nan akwai yaran da suka riga suka buƙaci oksijin amma bakinsu bai nuna komai ba. Canjin launi alama ce mai zuwa a makare.

Ɗiyata mai sikila ce. Ranar da aka kwantar da ita an ce oksijin ɗinta ta yi ƙasa ƙwarai, amma ni ban ga ta yi duhu ba, fari ma ta yi. Me ya sa?

Wannan ce tambayar da ta fi shafar mu a nan. Abin da ke ɗaukar oksijin a jini shi ne himogulobin, wato sinadarin da ya sa jini ya zama ja. Kafin ido ya ga duhu, sai an tara wajen giram 5 na himogulobin da ba ya ɗauke da oksijin a cikin kowane mililita 100 na jini. Babban mutum mai lafiya yana da tsakanin giram 12 zuwa 16, don haka idan huhunsa ya gaza, da sauri adadin zai cika a gani a bakinsa. Mai sikila kuwa yawanci da giram 6 zuwa 9 yake rayuwa, ko a ranakun da yake lafiya lau. Wanda duk abin da ya mallaka giram 6 ne, ina zai samo giram 5 na duhu? Kafin a kai nan rai ya yi halinsa.

Ba masu sikila kaɗai ba. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya shanye wa jini da damina, da mai tamowa, da mai ciki, da wadda ta zubar da jini wajen haihuwa, duk haka suke. Su ɗashewa suke yi: tafin hannu ya yi fari fat, cikin fatar ido ya rasa jansa, harshe ya koɗe. Ɗashewa alamar ƙarancin jini ce, amma ga gaɓoɓin jiki duk kanwar ja ce, domin ko huhu na aiki, babu isasshen jinin da zai kai musu oksijin. Yaron da ya ɗashe kuma yana haki, sau da yawa ƙarin jini yake buƙata tare da oksijin.

Ke musamman, Hajiya, ki riƙe wannan: ciwon ƙirji da zazzaɓi da tari ko saurin numfashi a jikin mai sikila ba irin ciwon ƙashin da aka saba lallaɓawa a gida ba ne. Yana cikin abubuwan da suka fi kashe masu wannan lalura, kuma yakan taso ne kwana ɗaya zuwa uku bayan ciwon ƙashi ya fara.

Idan launi ba abin dogaro ba ne, me za mu dogara da shi?

Numfashi. Shi ke fara nunawa, kuma ƙirga shi ba ya buƙatar komai sai agogon waya. A ɗaga rigar yaro lokacin da yake a natse, ba yana kuka ko shan nono ba, a ƙirga sau nawa cikinsa ya ɗaga a minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata 2 ba, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata 2 zuwa wata 11, 50 ko fiye. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Babba a zaune yakan yi 12 zuwa 20.

Sannan a kalli yadda yake jan numfashin. Idan ƙasan ƙirji yana loɓawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ƙofofin hanci suna buɗewa, ko yana nishi a ƙarshen kowane numfashi, ko kansa yana gyaɗawa tare da numfashin, yaron yana kokawa ne. Idan ya kama nono ya saki, ya kama ya saki, ba ƙin nono yake ba, ba zai iya haɗa tsotso da numfashi ba ne. Babba kuma za ka ga ba ya iya kai ƙarshen magana sai ya tsaya ya huta, ko ya riƙa fizge-fizge da surutai marasa kan gado. Tsoho mai tari da ya fara ruɗewa dare ɗaya, kafin a ce tsufa ne ko iska, a auna oksijin ɗinsa.

Namoniya ce kan gaba a cikin masu jawo wannan ga yara. A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 fiye da 740,000 a 2019 kaɗai. Akwai kuma asma, da tarin shiƙa, da mashaƙo, wanda a ɓarkewar 2023 Katsina tana cikin jihohin da ya fi taɓawa. Allurar rigakafi ta Penta da ta namoniya da ake yi wa jarirai a sati 6 da 10 da 14 suna rage yawancin waɗannan, kuma kyauta ake yin su.

Da sanyin asuba farcen yarana kan yi duhu. Shi ma haɗari ne?

Yawanci a'a. Sanyi yana matse ƙananan jijiyoyin hannu da ƙafa, jini ya riƙa tafiya a hankali, farce ya yi duhu. A duba harshe. Idan ja ne, yaron kuma yana wasansa, a murza masa hannu a sa masa rigar sanyi, cikin 'yan mintuna zai dawo. Abin damuwa shi ne hannu da ƙafa su yi sanyi ƙalau alhali gari ba sanyi, ga gudawa ko zazzaɓi ko zubar jini. A danna farce na daƙiƙa 5 a saki. Idan jan ya wuce daƙiƙa 3 bai dawo ba, a tafi asibiti.

Jaririn da aka haifa jiya tafin ƙafarsa shuɗi-shuɗi ne. Ungozoma ta ce ba komai.

Idan hannu da ƙafa ne kawai, a kwana ɗaya ko biyun farko, tana da gaskiya. A kwantar da shi a ƙirjin uwarsa fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula, a jinkirta wanka. Jariri sabuwar haihuwa fatarsa ba ta gama yin baƙi ba, don haka canjin launi ya fi saurin ganuwa a jikinsa. Amma idan leɓe da harshe ne suka yi duhu, ko yana nishi, ko ya ƙi kama nono, ko numfashinsa na ɗaukewa, ba a jira ranar suna. Kuma don Allah kada a ce belu ne a kira wanzami. Jinin da zai zuba da wanda zai shaƙa ƙara masa wahala za su yi.

Ni leɓena da dasashina baƙaƙe ne tun ina yaro.

Halitta ce, mutane da yawa haka suke. Taba ma tana baƙanta leɓe, goro yana rina baki, janbaki da kwalli suna ɓoye launi, shi ya sa ake goge su kafin a duba. Man bilicin da aka daɗe ana shafawa yakan bar wani baƙi mai ratsin shuɗi a kumatu, wannan lalacewar fata ce, babu ruwanta da oksijin. Abin tambaya kullum shi ne: yau ya bambanta da jiya? Kuma numfashi ya canza?

Akwai wani nau'i da ba a cika gani ba, inda wasu magunguna ko ruwan rijiyar da takin zamani ko masai ya gurɓata suke lalata himogulobin ya kasa ɗaukar oksijin. Mutum ya yi duhu, jininsa ya koma ruwan ƙasa, a sa masa oksijin launin ya ƙi gyaruwa. Jarirai 'yan ƙasa da wata 6 da ake dama wa madara da irin wannan ruwa sun fi shiga haɗarin. Ƙarin dalili ke nan na ba da nono zalla.

Na sayi 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna oksijin. Zan iya yarda da ita?

Ta fi ido nesa ba kusa ba, amma tana da nata rauni. Haske take haskawa ta cikin yatsa ta karanta launin jini, don haka duk abin da ya tare hasken yana rikita ta: hannu mai sanyi, motsi, jan farce mai duhu, da baƙin lalle irin na biki. Jan lalle na gargajiya bai cika damunta ba. Amarya ko mai jegon da aka rangaɗa wa lalle, a nemi yatsan da bai sha ba, ko a juya na'urar ta kama yatsa ta gefe. A ɗumama hannu, a zauna shiru, a jira lambar ta tsaya. Kuma ta manya ba ta zama daidai a yatsan jariri.

Babban raunin ya shafe mu kai tsaye. A Disamba 2020 likitocin Jami'ar Mishigan ta Amurka sun wallafa binciken da ya nuna cewa na'urar tana ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙaƙen fata kusan ninki uku na yadda take yi a jikin farare, wato ta nuna 92 ko fiye alhali ainihin awon jinin bai kai 88 ba. Saboda haka idan ta nuna 93 ko 94 amma mutum na haki, a yarda da hakin. A gida, 92 ko ƙasa da haka dalilin zuwa asibiti ne, ƙasa da 90 kuwa gaggawa ce. Masu daɗaɗɗen ciwon huhu ne kawai likita kan ce musu 88 zuwa 92 ya wadatar.

Muna kwana da kaskon gawayi a ɗaki saboda sanyi. An ce yana kisa, amma ai za mu ga alama ko?

Ba za ku gani ba, Malam, nan ne mugun abin yake. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi. Tana manne wa himogulobin da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, kuma ba ta sa jini ya yi duhu. Leɓe zai zauna da jansa, na'urar yatsa ta nuna 98, mutum kuwa yana mutuwa.

Ga yadda yakan faru. An rufe ƙofa, an toshe taga da tsumma saboda iska, an turo kasko kusa da gado, garwashi ya yi jawur babu ko hayaƙi, kowa ya ji daɗi. Can cikin dare maigida ya farka da ciwon kai, uwargida na jin jiri da tashin zuciya, yaro ya yi amai, sai a ce abincin dare ne, a koma a kwanta. Idan mutanen ɗaki ɗaya suka kamu da ciwon kai lokaci guda, a buɗe ƙofa a fito da kowa waje tukuna, sannan a tafi asibiti a faɗa musu da wuta aka kwana. A ɗumama ɗaki a fitar da kasko kafin barci. Janareta kuma ba a zaure ba, ba a ƙarƙashin taga ba.

Ɗana idan yana wasa sai ya tsuguna yana haki, bakinsa ya yi duhu, can ya miƙe ya ci gaba.

A kai shi a duba zuciyarsa. Kusan jariri 1 cikin 100 ana haifarsa da wata matsala a ginin zuciya, kuma a wasu daga ciki jinin da bai bi ta huhu ba yana gauraya da mai kyau. Tsugunnon dabara ce da jikin yaron ya gano da kansa, domin naɗe ƙafafu yana tilasta wa jini ya ƙara bi ta huhu. Irin waɗannan yara ba sa girma yadda ya kamata, kan yatsunsu yakan kumbura, farce ya lanƙwashe. Idan abin ya taso wa jariri yana kuka, a rungume shi a naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, a lallashe shi, a kama hanya. Hoton zuciya ne ke tabbatarwa, kuma yawancin nau'o'in ana gyara su da tiyata. Tun 1944 aka fara yi wa irin waɗannan yara aiki a asibitin Johns Hopkins na Amurka.

Yarinyata idan ta yi zuciya sai ta shiɗe har ta yi duhu. Kakarta ta ce a watsa mata ruwa.

Shiɗewa ta zama ruwan dare tsakanin wata 6 zuwa shekara 6. Kuka ne ke ɗaukewa, ta yi duhu, wani lokaci ta sume, cikin minti ɗaya ta dawo da kanta. A faɗa wa Kaka cikin ladabi, "Inna, kwantar da ita za a yi a gefe, ba sai an jijjiga ta ko an zuba ruwa ba." A gwada jininta, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe yana ƙara yawan abin. Idan ya faru babu kuka ko fushi, ko ya daɗe, ko da jijjiga, likita ya gan ta.

Mai jego da ke haki fa?

Kada a ce gajiyar haihuwa ce. Gazawar zuciya bayan haihuwa ta yi yawa a ƙasar Hausa, tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kanta, suka kuma danganta ta da yawan kanwa a kunu da zafin wankan jego. Alamominta kumburin ƙafa, tari da dare, da kasa kwanciya sai an tara matasai. Yawancin masu jego jininsu ya ragu, don haka ba za su yi duhu ba. Haka nan haki na farat ɗaya da ciwon ƙirji, musamman idan ƙafa ɗaya ta kumbura, yana iya zama gudan jini ne ya toshe hanyar huhu.

Kafin a isa asibiti me za mu yi?

A zaunar da shi, kada a kwantar da shi rigingine. A sassauta tufafi, jama'a su ja baya. Mai asma a ba shi abin shaƙarsa. Wanda ya suma amma yana numfashi a kwantar da shi a gefe. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko jiƙo, huhu za su tafi. Addu'a kuwa ana yin ta a cikin mota. Kada a yi turare a kansa.

Idan yaro na cin gyaɗa ko yana wasa da wani ƙaramin abu sai ya kasa kuka ya yi duhu, shaƙewa ce. A kifa shi a buga tsakanin kafaɗunsa sau 5 da ƙarfi. In bai fito ba, jariri a juyo shi a danna tsakiyar ƙirji da yatsu biyu sau 5, wanda ya wuce shekara 1 kuma a tsaya bayansa a matsa saman cibiya ciki da sama sau 5, a yi ta maimaitawa. Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu oksijin, don haka a nan take ake yi.

Kada a ɓata lokaci a kemis. A nufi inda ake kwantar da marasa lafiya: a Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, da Babban Asibiti, da Asibitin Mata da Yara na Turai 'Yar'aduwa, a Daura akwai Asibitin Tarayya, wato tsohon Babban Asibiti. Wanda ke ƙauye ya fara da asibiti mafi kusa, ya tambaya tun daga ƙofa ko suna da oksijin.

Gaskiya ne duk wanda aka sa wa oksijin ba ya tashi?

Ba gaskiya ba ne, kuma wannan magana ta sa iyaye da dama sun cire wa 'ya'yansu robar hanci da hannunsu. Abin da ya haifar da ita a fili yake: sai ciwo ya ci ƙarfin mutum ake kawo shi, a sa masa oksijin a ƙurarren lokaci, in ya rasu a ce ita ce. Iskar da muke shaƙa yanzu haka kashi 21 cikin ɗari oksijin ce. Ta asibiti ƙari ce kawai a kan wannan, don jiki ya samu ya riƙe kafin maganin namoniya ko ƙarin jini ya yi aiki. Ba ta sa sabo. Amma magani ce mai awo, musamman ga bakwaini da masu daɗaɗɗen ciwon huhu, don haka mai jinya kada ya murɗa ta sama ko ƙasa da kansa. Idan robar ta zame ko tukunyar ta ƙare a kira nas, kuma kada a kunna ashana ko taba kusa da ita.